Shin majalisar jiha a Amurka za ta iya ajiye ƙuri'ar jama'a ta naɗa wakilan zaɓe da kanta?

Tambaya: An ce kundin tsarin mulkin Amurka majalisun dokokin jihohi ya bai wa ikon naɗa wakilan da ke zaɓen shugaban ƙasa. To idan mutanen jiha suka zaɓi ɗan takarar wata jam'iyya, majalisar jihar kuma tana hannun abokiyar hamayyarta, me zai hana 'yan majalisa su ajiye sakamakon su tura nasu mutanen?

Amsa: Abin da aka gaya maka gaskiya ne, sai dai an rage maka rabin zancen. Wuƙa da nama suna hannun majalisar jiha har zuwa jajibirin ranar zaɓe. Da ranar ta zo, ikon ya fita daga hannunta, sai kuma shirin zaɓe mai zuwa. Yawancin ruɗanin da ake samu kan wannan batu daga haɗa lokutan nan biyu yake tasowa.

Tushen maganar yana Sashe na 2 na kundin tsarin mulki, inda aka ce kowace jiha za ta naɗa wakilan zaɓe ta hanyar da majalisar dokokinta ta tsara, adadinsu daidai da jimillar sanatocinta da 'yan Majalisar Wakilanta. Shi ya sa Kalifoniya take da 54, Tekzas 40, Filorida 30, jihohi masu ƙarancin jama'a irin su Wyoming da Vermont kuma uku-uku. Idan aka haɗa kujeru 435 na Majalisar Wakilai da 100 na Dattawa da ukun da gyara na 23 ga kundin tsarin mulki ya bai wa birnin tarayya, Washinton DC, a 1961, sai a samu 538, mai neman nasara kuma sai ya kai 270. A lura da kalmar da aka yi amfani da ita: jiha ce ke naɗawa, majalisa hanya take tsarawa. Kuma a cikin sashen nan dai aka bai wa Majalisar Tarayya ikon tsayar da lokacin naɗin da ranar da wakilan za su jefa ƙuri'a. Wato an raba abin gida biyu tun asali: yadda za a yi na jiha ne, yaushe za a yi na tarayya ne.

Wanda ya saba da tsarin Najeriya sai ya sauke wannan tunanin tukuna. A nan INEC ce ke gudanar da zaɓen shugaban ƙasa daga Sakkwato har Kalaba da doka guda, majalisar dokokin jiha ba ta da ta cewa. A Amurka babu hukumar zaɓe ta ƙasa da ke shirya zaɓe. Zaɓuka 51 ne ake yi rana ɗaya, kowanne da dokarsa.

A farkon zamani majalisu da yawa da kansu suke naɗa wakilan, babu wata ƙuri'ar jama'a, kuma ba wanda ya ga laifin haka. A zaɓen farko na 1789 jihar Niyok ba ta tura ko wakili ɗaya ba, saboda zaurukan majalisarta biyu sun kasa jituwa kan yadda za a yi naɗin. Shekarar 1800 ce ta fi nuna yadda ake wasa da wannan iko. Birjiniya ta bar tsarin mazaɓu ta koma wanda ya ci jiha ya kwashe duka, don kada John Adams ya tsinci ko wakili guda a gidan Thomas Jefferson, kamar yadda ya tsinta a 1796. Massachusetts ta rama ta hanyar karɓe naɗin daga hannun jama'a ta mayar wa majalisa, Adams ya kwashe duka 16. A Pensilbaniya zauren dattawa yana hannun wata jam'iyya, na wakilai yana hannun wata, aka yi ta ja-in-ja har aka raba 15 ɗin, takwas na Jefferson, bakwai na Adams. Dukkansu kafin naɗi suka yi dabarunsu. Ya zuwa 1832 Karolina ta Kudu ce kaɗai ta rage tana naɗi ta majalisa, ta kuma ci gaba har 1860. Bayan nan sai Filorida a 1868 da Kolorado a 1876, shekarar da ta zama jiha, lokaci ya ƙure mata ta shirya zaɓe. Tun daga nan babu majalisar da ta sake naɗa wakilai da kanta.

Kotun Ƙoli ta tabbatar da faɗin wannan iko a 1892, a shari'ar McPherson da Blacker. Majalisar Mishigan da ke hannun 'yan Dimokuradiyya ta yi dokar raba wakilai bisa mazaɓu, 'yan Rifabulikan suka kai ƙara, kotu ta ce majalisa tana da cikakken iko kan hanyar naɗi. A zaɓen shekarar Mishigan ta rabu, Harrison na Rifabulikan tara, Cleveland na Dimokuradiyya biyar, da 'yan Rifabulikan suka dawo kan mulki suka soke dokar. Bayan shekara ɗari da takwas, a shari'ar Bush da Gore ta 12 ga Disamba 2000, kotun ta ƙara da wata magana da masu wannan ra'ayi ke yawan jawowa: ɗan ƙasa ba shi da haƙƙin zaɓen wakilai a ƙarƙashin kundin tarayya sai idan majalisar jiharsa ta zaɓi ƙuri'ar jama'a a matsayin hanyar naɗi, kuma jiha tana iya karɓe ikon. Amma a hukuncin nan dai kotun ta ce idan jiha ta riga ta bai wa mutane ƙuri'a bisa daidaito, ba za ta dawo daga baya ta fifita ƙuri'ar wani a kan ta wani ba. Masu jawo jumlar farko ba su cika karanta ta biyun ba.

Yanzu ga abin da ke ɗaure majalisa.

Na farko shi ne rana. Tun 1845 dokar tarayya ta tsayar da Talatar da ke bin Litinin ta farko a watan Nuwamba a matsayin ranar naɗa wakilai. A idon doka, ranar zaɓen ita ce ranar naɗi. Ƙidaya da sake ƙidaya da shari'o'in da ke biyo baya duk aikin gano wanda aka riga aka naɗa ne a ranar Talata. Saboda haka majalisar da ta zauna a watan Disamba ta ce ta naɗa wakilai ta makara da makonni, takardarta kuma ta saɓa wa ikon tsayar da lokaci da kundi ya bai wa Majalisar Tarayya.

Da can akwai tsaguwa a bangon. Dokar 1845 ta ce idan jiha ta yi zaɓe amma ta kasa fitar da gwani a ranar, ana iya naɗa wakilai daga baya ta hanyar da majalisa ta tsara. An sa wannan ne don jihohi irin su New Hampshire da dokarsu ke buƙatar ɗan takara ya haura rabin ƙuri'u, amma ba a fayyace ma'anar kasawar ba. A kanta zauren wakilan Filorida ya dogara a Disamba 2000 ya zartar da ƙudurin naɗa wa Bush wakilai 25, lokacin da tazarar ƙuri'a 537 ce kacal ake ta shari'a a kai. Zauren dattawan jihar bai kai ga jefa ƙuri'a ba, domin hukuncin Kotun Ƙoli ya riga ya rufe maganar. A kanta kuma lauyoyin Donald Trump suka dogara a 2020, suna cewa zargin maguɗi ya isa a ce zaɓe ya kasa.

Dokar gyaran ƙidayar ƙuri'un wakilai da Joe Biden ya sanya wa hannu a ƙarshen Disamba 2022 ta toshe wannan kafa. Ta soke sakin layin kasawa gaba ɗaya. A madadinsa ta ce za a naɗa wakilai a ranar zaɓe, bisa dokokin da jiha ta kafa kafin ranar. Ana iya tsawaita lokacin jefa ƙuri'a ne kawai idan wani babban bala'i da ya fi ƙarfin mutane ya auku, irin guguwa ko girgizar ƙasa, shi ma sai idan dokar jihar ta tanadi haka tun farko. Kuma abin da aka yarda a tsawaita shi ne zaɓen jama'a, ba a ce majalisa ta maye gurbinsu ba. Ba a fafe gora ranar tafiya, dokar ke nan a taƙaice.

Na biyu shi ne ma'anar kalmar majalisa kanta. Akwai masu ra'ayin cewa tunda kundin tarayya majalisa ya ambata da suna, to idan tana aikin zaɓen tarayya ba ta ƙarƙashin gwamna, ba ta ƙarƙashin kundin jiha, kotunan jiha ma ba su isa su taka mata birki ba. Alƙalin Alƙalai Rehnquist da alƙalan Kotun Ƙoli Scalia da Thomas sun karkata wajen wani ɓangare na wannan ra'ayi a 2000. Sai dai tun 1932, a shari'ar Smiley da Holm daga Minnesota, kotu ta ce majalisa idan tana tsara dokar zaɓe, doka take yi kamar kowace doka, gwamna yana iya hawa kujerar na ƙi. A 27 ga Yuni 2023, a shari'ar Moore da Harper daga Karolina ta Arewa, alƙalai shida cikin tara suka yi watsi da ra'ayin majalisa mai cin gashin kanta, suka ce kotunan jiha suna da hurumin auna dokokin zaɓe da kundin jiha. Abu biyu ya kamata a riƙe game da wannan hukunci. Shari'ar kan sakin layin zaɓen 'yan Majalisar Tarayya aka yi ta, ba kan na wakilan zaɓen shugaban ƙasa kai tsaye ba, ko da yake kalmar ɗaya ce a wurare biyun kuma hujjar tana tafiya. Sannan kotun ta bar wa kanta ƙofa: ta ce idan kotun jiha ta wuce gona da iri har ta ƙwace aikin majalisa, kotunan tarayya za su iya shiga. Ba ta zana inda iyakar take ba, kuma nan ne rigimar gaba za ta fi yiwuwa.

To idan majalisa ta yi niyya tun da wuri fa? A ce a watan Maris na shekarar zaɓe ta yi doka cewa bana babu ƙuri'ar shugaban ƙasa, ita za ta naɗa. Bisa McPherson da Bush da Gore, kundin tarayya bai hana ba. Amma sai dokar ta bi zaurukan majalisa, ta tsallake gwamna ko a samu rinjayen da zai danne ƙin amincewarsa, sannan ta tsallake kundin jihar. Na Kolorado, misali, ya rubuta ƙarara cewa bayan 1876 jama'a ne za su riƙa zaɓen wakilai kai tsaye. Sai kuma 'yan majalisar su koma mazaɓunsu su nemi ƙuri'ar mutanen da suka hana zaɓen shugaban ƙasa. A ganina wannan na ƙarshen ya fi kowace kotu tsare abin. Dabarar da ta fi haɗari ita ce ta tsaka-tsaki, wato a bar jama'a su yi zaɓe amma a rubuta a doka cewa majalisa tana iya soke sakamakon daga baya. An gabatar da irin wannan ƙuduri a Arizona a 2021, bai wuce ba. Ko da ya wuce, da wuya ya tsira, domin naɗin da aka yi bayan an ga sakamako ba naɗin ranar zaɓe ba ne.

Abin da majalisa ke iya yi ba tare da gardama ba yana da yawa. Ita ke yanke ko wanda ya ci jiha ya kwashe duka, kamar yadda jihohi 48 da birnin tarayya ke yi, ko a raba. Maine tun 1972 da Nebraska tun 1992 suna bai wa wanda ya ci jiha wakilai biyu, sauran kuma ɗaya-ɗaya bisa mazaɓun Majalisar Wakilai. Haka Obama ya samu wakili guda daga yankin Omaha a 2008, Biden a 2020, Kamala Harris a 2024, Trump kuma ya samu guda daga arewacin Maine a 2016 da 2020 da 2024. A Satumba 2024 'yan Rifabulikan sun so su mayar da Nebraska tsarin kwashe duka ana saura makonni a yi zaɓe. Doka ta ba su dama, tunda ranar ba ta zo ba. Abin da ya tsayar da su lissafi ne: majalisar Nebraska zaure ɗaya ce mai kujeru 49, ana buƙatar 33 don kawo ƙarshen muhawara, sai sanata Mike McDonnell na Omaha ya ce ba zai goyi baya ba, zancen ya mutu.

Ita ce kuma ke iya ɗaure wakili da alkawarinsa. A 2016 wakilai bakwai sun jefa wa wanda ba shi jama'arsu suka zaɓa ba. Huɗu daga jihar Washinton suke, uku cikinsu suka rubuta Colin Powell maimakon Hillary Clinton, jihar ta ci kowannensu tarar dala 1,000. A Kolorado an cire wani wakili nan take aka sa wani a gurbinsa. A Yuli 2020, a shari'ar Chiafalo, Kotun Ƙoli baki ɗaya ta ce jiha tana da ikon hukunta ko cire mai saɓa alkawari, tunda ikon naɗi ya haɗa da gindaya sharaɗi. Dokar da ke soke ƙuri'ar ta maye gurbin wakilin nan take ta fi ta tara amfani, domin mai tara ya biya kuɗi amma ƙuri'arsa ta shiga lissafi. Haka nan yarjejeniyar da wasu jihohi suka shiga tun daga Maryland a 2007, ta bai wa wanda ya fi ƙuri'a a ƙasa baki ɗaya wakilansu, a kan wannan iko ta tsaya. Ya zuwa 2024 jihohi 17 da birnin tarayya ne a ciki, da wakilai 209, kuma ba za ta fara aiki ba sai sun kai 270. Duk da haka ikon bai fi sauran kundi ba. Majalisa ba za ta ware masu zaɓe saboda launin fata ko jinsi ba, ba za ta sa harajin ƙuri'a ba, kuma a 1968 kotu ta rushe dokar Ohayo da ta kusan hana ƙananan jam'iyyu shiga takardar zaɓe.

Idan aka bi takardun da ke tafiya bayan zaɓe, za a ga babu inda majalisar jiha ke sa hannu. Gundumomi suna tattara sakamako su tabbatar, sai jami'in ko hukumar da dokar jiha ta ɗora wa aikin ta tabbatar da na jiha. Gwamna, ko wani jami'in da dokar jiha ta ambata tun kafin zaɓe, ya fitar da takardar shaidar naɗi mai ɗauke da sunayen wakilai da hatimin jiha, aƙalla kwana shida kafin su zauna. Wakilan suna zama a jihohinsu ranar Talata ta farko bayan Laraba ta biyu a Disamba. A 2024 takardar ta zama tilas ranar 11, zaman kuma ranar 17. Kowane wakili yana jefa ƙuri'a biyu daban, ta shugaba da ta mataimaki, sannan su sa hannu a kwafi shida, kowanne a haɗe da takardar gwamna: ɗaya ga Shugaban Majalisar Dattawa, wanda shi ne mataimakin shugaban ƙasa, biyu ga shugaban hukumar adana takardun ƙasa, biyu ga sakataren jiha, ɗaya ga babban alƙalin kotun tarayya ta yankin. Idan gwamna ya ƙi sa hannu ko ya sa wa waɗanda ba su ci ba, ɗan takara yana iya garzayawa kotun tarayya mai alƙalai uku, ɗaukaka ƙara kuma kai tsaye Kotun Ƙoli. Takardar da kotu ta umarta ita ke maye gurbin ta gwamna.

Shekarar 2020 ce gwajin wannan duka, tun ma kafin a gyara dokar. Biden ya samu 306, Trump 232, tazarar Jojiya ƙuri'a 11,779, ta Arizona 10,457. An matsa wa shugabannin majalisun da ke hannun 'yan Rifabulikan lamba. An gayyaci na Mishigan, Mike Shirkey da Lee Chatfield, Fadar White House a 20 ga Nuwamba, suka fito suka ce za su bi doka. Kakakin Arizona Rusty Bowers ya ƙi. Gwamnan Jojiya Brian Kemp ya ƙi kiran zama na musamman. Babu zauren majalisa ko ɗaya da ya zartar da naɗin wasu wakilai. Mutane 84 da suka taru a jihohi bakwai ranar 14 ga Disamba suka sa hannu a matsayin wakilan Trump ba su da takardar gwamna, ba su da ƙudurin majalisa, ba su da hukuncin kotu, shi ya sa ba a ƙirga takardunsu ba, wasunsu kuma suka fuskanci tuhuma a jihohinsu. Sun kafa hujja da Hawayi ta 1960, inda wakilan Kennedy suka zauna suka sa hannu alhali abokin takararsa Nixon aka fara bayyana cewa ya ci jihar, amma can daban ne: ana tsakiyar sake ƙidaya da kotu ke lura da ita, Kennedy ya ci da ƙuri'a 115, gwamna ya fitar da sabuwar takarda, Nixon da kansa a kujerar mataimakin shugaba ya karɓe ta.

A ranar 6 ga Janairu, lokacin da Majalisar Tarayya ke zama ta ƙirga ƙuri'un wakilai, dokar 2022 ta ce aikin mataimakin shugaban ƙasa buɗe ambulan ne da sanarwa, ba shi da ikon karɓa ko ƙin wata takarda. Da can sanata ɗaya da ɗan Majalisar Wakilai ɗaya sun isa su tayar da ƙorafi, yanzu sai kashi ɗaya cikin biyar na kowane zaure, wato sanatoci 20 da wakilai 87, kuma sai zaurukan biyu sun amince kafin a jefar da ƙuri'a. Idan aka yanke cewa wakilan wata jiha ba a naɗa su bisa doka ba, ana cire adadinsu daga jimilla, sai rinjayen da ake buƙata ya sauko ƙasa da 270.

Inda ake samun matsala a aikace ba zauren majalisa ba ne, ƙasa ne, wajen ƙananan hukumomin tabbatar da sakamako. A gundumar Wayne ta Mishigan, inda Detroit take, mambobi huɗu sun rabu biyu da biyu a 17 ga Nuwamba 2020 kafin su amince a daren. A 2022 gundumar Otero ta New Mexico da Cochise ta Arizona sun ƙi tabbatar da sakamako sai da kotu ta tilasta musu. Kotuna sun riƙa cewa tabbatarwa aikin dole ne, ba zaɓi ba. Haɗarin shi ne cin lokaci, domin tsakanin ranar zaɓe da ranar takardar gwamna makonni biyar ne kacal, kuma cikinsu ake son gama sake ƙidaya da shari'a.

Akwai hanya guda da hannun majalisar jiha ke kaiwa ga sakamako ta bayan gida. Idan babu wanda ya samu rinjayen wakilai, misali aka yi 269 da 269, gyara na 12 ya miƙa zaɓen ga Majalisar Wakilai ta Tarayya, ta zaɓa cikin manyan 'yan takara uku. A nan kowace jiha ƙuri'a ɗaya gare ta, Kalifoniya daidai da Wyoming, ana buƙatar jihohi 26, tawagar da ta rabu daidai kuma ba ta da ƙuri'a. Rabon da a yi haka tun 1825, lokacin da John Quincy Adams ya kayar da Andrew Jackson. Majalisar jiha ba ta jefa ƙuri'a a wannan zama, amma a yawancin jihohi ita ce ta zana mazaɓun da suka fitar da 'yan tawagar bayan ƙidayar jama'a ta kowace shekara goma.